Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sarkin Rabon Ƙwaƙwalwar Waya

Masu Tecno da Itel na Ɗan Gulbi, cikin gundumar Dakoro, suna gaida mai girma jemalloc, Sarkin Rabo, wanda ke zaune a wayoyinsu ba su taɓa ganin rawaninsa ba. Allah ya ja zamanin sarki.

Labari ya iso musu cewa Jason Evans ne ya naɗa shi a 2005, kuma da Android 11 ta fito a 2020 aka ba wani mai rabon, Scudo, sarautar manyan wayoyi, shi kuwa aka bar masa masu ƙaramar ƙwaƙwalwa, wato irin nasu. Sun yi mubaya'a.

Tsarin fadar ya burge su. Manhaja ɗaya tana da ma'aikata da yawa masu aiki lokaci guda, sai sarki ya ware wa kowanne 'yar ma'ajiyarsa don kada a yi cunkoso a ƙofa ɗaya. Wanda ya gama da gurbi ya mayar, a sake miƙa shi nan take. Kowane almajiri ya san wannan: allonsa nasa ne, ya rubuta, ya wanke, ya sake rubutawa. Sai dai a tsangaya ba a wanke allo sai malam ya ji karatun ya zauna. A fadar sarki babu mai tambaya. Duk wanda ya ce ya gama an karɓa, ko da wani na riƙe da adireshin gurbin yana ci gaba da karantawa.

A 2019 aka gano cewa hoton GIF da aka ƙulla da mugun nufi yana iya sa WhatsApp ta mayar da gurbi ɗaya sau biyu, ɓarawo ya samu ƙofar shiga waya. An toshe ta. Gaskiya laifin na mai mayarwa ne, amma mai karɓa ma ya yi saurin miƙa hannu.

Malamin da ake nema ya samu, sunansa Rust. Wannan harshen rubuta manhaja ba ya barin a share gurbi muddin akwai mai riƙe da abin cikinsa. Tun kafin manhajar ta fara aiki yake ƙin sa hannu. Google ta ce matsalolin ƙwaƙwalwa sun sauko daga kashi 76 cikin ɗari na ramukan tsaron Android a 2019 zuwa kashi 24 a 2024, bayan ta karkata sabon rubutu ga irin waɗannan harsuna.

Don haka talakawa ke roƙon sarki ya shimfiɗa wa malamin buzu a zaure, kuma ya yi musu magana da masu ƙera waya, a riƙa aiko da gyaran tsaro har ga wayar da ta shekara huɗu tana zuwa wurin mai caji.