Gajeriyar Rashin Lafiya

Ka ce hawan jini da ciwon suga cutar alhazai ce, masu tumbi da mota mai sanyi? Madalla, malam, ashe talauci ya zama allurar rigakafi ba mu da labari! To ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2021, cututtukan da ba a ɗauka daga jikin wani, irin su na zuciya da daji da huhu da suga, sun kashe aƙalla mutum miliyan 43. Miliyan 18 ba su kai shekara 70 ba, kuma kashi 82 cikin ɗari na waɗannan daga ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Alhazai nawa ka ƙirga a ciki?

Ka ce masu tarukan duniya kan cututtukan nan ba abin da suka iya sai shan shayi? Kan wannan ba za mu yi dogon faɗa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna a kai a 2011, a 2015 kuma aka yi alkawarin rage irin wannan mutuwa ta wuri da kashi ɗaya cikin uku kafin 2030. Ma'aunin shi ne: ɗan shekara 30, wane hatsari yake ciki na cewa ɗaya daga cikin cututtukan huɗu ta ɗauke shi kafin ya kai 70? Yawancin ƙasashe har yau tafiyar hawainiya suke.

Amma kada ka yi saurin tafi, da hannunka a ciki. Mai ƙidaya sai ya san abin da ya kashe mutum kafin ya rubuta. Mu kuwa cuta ɗaya ce take kashe kowa a sanarwar rediyo: "gajeriyar rashin lafiya". Mutum ya faɗi da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwanci, ba takarda ba tambaya. In ɓarin jiki ya shanye, a ce jifa ne, a hau harara kishiya. Dole masana su koma kintace, ko su bi gida gida suna tambayar dangi yadda mamacin ya yi jinya.

Ka ce ai ajali ne? Wa ya musa, subhanallahi! Sai dai kai ɗin nan kowane mako kana gun mai faci ana auna maka iskar tayar babur, alhali kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Gishirin da aka ce kada ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba, a yajin tsiren jiya kaɗai ina jin ka gama da rabonka.

Ka ce kai garau kake jin jikinka? Haka marigayin ya ce mana ranar Talata.