Masu Jiran Doya Ta Tsufa

A ƙasar Faransa akwai masu ajiye kwalaben jar giyar inabi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa shekara 10 ko 20, suna gardamar ranar da za ta isa sha. A Gidan Kwano, kusa da Minna, ba ruwanmu da kwalba, tamu gardamar a kan doya take. Sabuwar doyar Agusta ruwa ce zalla. Sai ta kwana biyu, ruwan ya tsotse, zaƙi ya fito, sannan sakwara ke yin danƙo. To, kwana biyun nan nawa ne? A nan aka rabu.

Akwai Ɗan Gaggawa, yawanci ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya ne ɗan aji ɗaya. Da ya hangi doya da ɗanyar ƙasa a jikinta a bakin titin Bida, sai ya saya, ya ari turmi. Abin da ya kirɓa, in ba a gaya maka ba, cewa za ka yi talge ne. Ya sha abinsa da cokali, ya ce laifin taɓarya ne.

Sai Malam Bari-Ta-Ƙara, ma'aikaci mai lissafi. A Disamba, lokacin da doya ta cika kasuwar Paiko, ya sayi ƙwarya guda, ɗari cif, ya jibge a ɗakin baƙi ya kulle. Uwargida ta ce, "Maigida, a dafa ɗaya mana, yara sun sa ido." Ya ce, "Ke dai ba ki san kasuwa ba, bari Mayu ta kama." Abin da lissafinsa bai ɗauko ba shi ne doya barci take yi, wata uku zuwa huɗu, daga nan ta farka. Zafin Maris na Minna ya sauka, tsiro ya ɓullo, ba mai karya shi, ya bi ƙarfen taga har ya leƙa tsakar gida. Ranar buɗe ɗaki, rabi ta yamushe, rabi ɓeraye sun tare a ciki da iyalinsu. Har gobe yana rantsuwa da ya ƙara sati biyu da ya ci riba.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne Gwani. Bai taɓa riƙe fartanya ba, amma in ya ɗauki doya sai ya auna ta a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya kai kunne, ya karce da farce, ya shinshina, ya lumshe ido. "Wannan ta Kuta ce, ƙasar tudu. Saura mata kwana tara." Yaran unguwa sun taɓa miƙa masa doya ɗaya sau biyu: ya yabe ta da hantsi, ya kushe ta da la'asar.

Hajiya 'Yar Zamani kuwa firij ta tura tata. Doya ba ta shiri da sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12, sai cikinta ya dafe.

Can bayan gari akwai dattijuwar Gbagyi, wadda kayanta a kafaɗa take ɗauka. Tata doyar tana bukkar ciyawa, a inuwa, iska na ratsawa. Takan leƙa ta karya tsiro, mai rauni ta shafa mata toka ta fara kai ta kasuwa. Gwani ya taɓa tsayawa gabanta ya fara ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa, ya tambaya ko ta yi. Ta karɓe doyar daga hannunsa ta ce, "Yaro, ta suya kake so ko ta daka? In wasa za ka yi, ga kwalba can."