Haɗejawa, Ba Sauro Kaɗai Ke Cizo Ba

Haɗejawa, abokan wasana, ku ajiye kan kifin nan tukuna, Bakatsine ya zo da magana. Na san kafin in buɗe baki kun fara dariya, wai mutumin da bai taɓa shiga kwalekwale ba zai koya wa 'yan bakin kogi sanin ƙwari. Gaskiyarku. A fagen sauro na sallama muku. Daga Auyo zuwa Guri, daga Kafin Hausa zuwa Kiri Kasamma, ba wanda ya kai ku sanin muryarsa, har kuna iya bambanta na cikin kacalla da na lambatu. Amma akwai wani ɗan ƙaramin baƙo da ba ya sallama, ba ya kuka a kunne, kuma ya iya barin tabon da sai kabari zai raba mutum da shi. Sunansa ƙudan yashi.

Ga Alhaji can ya kaɗa baki: "Wane irin ƙuda ne wannan da ban taɓa gani ba?" Ranka ya daɗe, ina za ka gan shi? Tsawonsa milimita 2 zuwa 3 ne, wajen kashi ɗaya cikin uku na sauro. Launinsa na ƙasa ne, jikinsa duk gashi, in ya sauka sai ya ɗaga fukafukansa sama a buɗe. Ba ya dogon tashi, tsalle-tsalle yake yi kusa da ƙasa, iska kaɗan ta isa ta kore shi. Aikinsa daga magariba ne zuwa asuba, daidai lokacin da ka baje tabarma a tsakar gida, ka tuɓe riga saboda zafi. Macen ce ke cizo, domin sai da jini ƙwanta ke ƙosawa. Namijin ruwan tsirrai yake sha, ba ruwansa da kowa. Hajiya, kada ki harare ni, ba ni na tsara ba.

Sai wani ya ce, "To, in ƙwaro ne ai daga ruwa yake, mu da ruwa kuwa tsohon zama ne." Nan ka faɗi jarrabawa. Sauro ne ke ƙwai a ruwa. Wannan kuwa ƙasa mai laima da ruɓaɓɓen datti yake nema: ramin ɓera, tsagar katangar laka, gindin suri, turken dabbobi, juji. Ramin ɓeran ne ma babbar matsala. Ƙwayar cutar da ake kira lishmaniya tana zaune a jikin ɓerayen daji. Ƙudan ya sha jinin ɓera a cikin rami, ƙwayar ta yi mako ɗaya zuwa biyu tana yaɗuwa a cikinsa, sannan ya fito ya ciji mai gadin shinkafa ya zuba masa. A Senegal an kama irin waɗannan ɓeraye an sami ƙwayar a jikinsu, kuma irin ɓerayen ne ke ɓarna a gonakin Arewa baki ɗaya.

Yanzu ku duba fadamarku da idon basira. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kuma aikin noman rani na kwarin Haɗejiya, gona ba ta hutawa: shinkafa ta tashi, alkama ta shiga. Inda hatsi yake rani da damina, ɓera ya sami gidan biki. Ku bi kunyar fangali ku ƙirga ramuka. In ambaliya ta zo, irin ta 2022, ɓeran ba ya tsayawa a nutse, tudu yake hawa, tudun kuwa shi ne inda gidajenku da rumbunanku suke. Ɓera, laima, katangar laka, da mai kwana a waje ba riga. Me ya rage wa ƙudan yashi in ba godiya ba?

"Mu dai ba mu taɓa jin wannan cuta a ƙasarmu ba." Rashin ji ai ba shaida ba ne, malam. Tun 1911 aka rubuta labarinta a Nijar, a 1924 aka rubuta a Nijeriya. An same ta a jikin 'yan makaranta a Keana ta jihar Nasarawa, kuma a 2007 likitoci sun wallafa rahoton ɓarkewarta a wata makarantar kwana a Sakkwato. A Wagadugu ta ɓarke tun 1996, har mutane suka laƙa mata sunan sabuwar unguwar da ake kira Ouaga 2000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa mutum 600,000 zuwa miliyan 1 ne ke kamuwa da nau'inta na fata kowace shekara, amma kimanin 200,000 kawai ake kai mata rahotonsu. Sauran suna gida, ana ce musu maruru ne, ko sammu. Kuna tsammani ƙudan zai ratsa Sahel daga Senegal har Nijar, ya iso iyakar Birniwa, ya ce a'a, nan ƙasar Sarki Buhari ce, ya juya? Sojojin Amurka ma, da jiragensu da komai, ɗaruruwa ya yi wa tabo a Iraƙi tsakanin 2003 da 2004. Na san kakanninku sun tsaya gaban bindigar Nasara a 1906, ba wanda ya musa jarumtarku, sai dai wannan abokin gaba ba ya zuwa ta ƙofar gari. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ga yadda abin yake, don ku gane shi in kun gani. Bayan cizon da makonni, wani lokaci watanni, sai ɗan ƙurji ja ya fito a inda riga ba ta rufe ba: kunci, goshi, dantse, ƙwauri. Ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi. A hankali ya faɗaɗa, ya yi ɓawo, ɓawon ya ɓare, sai ga gyambo zagayayye, tsakiyarsa a lotse, gefensa a tashe kamar bakin kasko. Wani ɗaya ne, wani uku ko biyar, domin ƙudan kan ciza nan ya matsa ya sake ciza. Irin na yankinmu yakan warke da kansa bayan watanni, amma ya bar tabo lotsattse. A ƙwaurin dattijo ba komai. A kuncin yarinya 'yar shekara 12 kuwa, ku tambayi uwarta.

A nan ne gwanintarku ke fitowa. Da an ga miki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a tafi kemis a sayo kafso ja da yalo, a fasa a barbaɗa. Bai yi ba, a koma baƙin mai. Bai yi ba, wani mai ƙarfin hali ya ɗiga ruwan batir. Daga nan sai a fara lissafin wanda aka yi rigimar iyakar gona da shi bara. Bawan Allah yana can yana cin tuwonsa, an rataya masa laifin ƙudan da ya fito daga ramin ɓera. Kafso ba ya kashe wannan ƙwaya, ruwan batir kuwa ƙona fatar yake yi ya ninka tabon. Kuma ku daina gudun mai gyambon, ba a ɗaukarsa ta gaisawa ko cin abinci kwano ɗaya.

"To likita Bakatsine, kowane gyambo ke nan na ƙudanka ne?" A'a. Ciwon suga na kawo gyambo, sikila na kawowa, akwai ma na ciwon daji. Ido ba ya raba su. A asibiti ake kankaro ɗan gefen mikin, a shafa a gilashi, a duba da madubin likita. In cutar ƙudan ce, akwai allurar da ake yi a gefen gyambon ko a jiki, akwai kuma gashi da na'ura ta musamman, likita ne zai zaɓa. Har yau babu allurar rigakafinta ga ɗan Adam, don haka tsarin yana hannunku.

Gidan sauron da aka raba muku, wanda wasunku suka kewaye lambu da shi, wasu suka mai da shi komar kamun kifi, ku dawo da shi kan gado. Amma ya zama mai magani, domin wanda ba shi da magani ƙudan yashi na iya ratsa hudarsa. Mai kwana a gona ya tafi da nasa, ya sa riga mai dogon hannu, ya hau gado ko dakali maimakon ƙasa. A yaɓe tsagar katanga, a nisanta juji da turke daga ɗakin kwana, a toshe ramukan ɓera na kusa da gida.

Ku yi mini dariya yadda kuka ga dama, wasa ne tsakaninmu tun kaka da kakanni. Amma duk gyambon da ba ya zafi, ya kuma wuce wata guda bai warke ba, musamman a fuskar yaro, ku kai shi Babban Asibitin Haɗejiya ko asibiti mafi kusa, ku ce a gwada. Allah Ya ba mu lafiya.