Babbar Riga da Rigar Ruwa a Hanyar Paki

Ruwan marka na watan Agusta ba ya cin amanar kowa. Tun da asuba yake bayyana nufinsa, mai hankali ya ninke shaddarsa ya mayar akwati. Macucin shi ne hadarin Satumba. A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, inda ruwan shekara kan kai wajen milimita 1,000, ƙarshen damina yakan zo da rana tarwai da safe, sai an yi azahar gabas ta haɗe rai, iska ta riga ruwa isowa. A irin wannan rana aka sa ɗaurin auren da ya ɗauko mai wannan shafi daga garin Ikara zuwa Paki a bayan ɗan acaɓa.

Sai an san abin da ke jikinsa za a gane girman asarar. Gezna ce yadi goma, saƙar ƙasar Ostiriya, riga da 'yar ciki da wando. Masu ɗinkin hannu na birnin Zariya sun yi mata aska takwas, ta kuma sha bugu har tana kashe ido. A kansa zanna bukar ce, fitowarta ke nan daga wajen mai wankin hula, sitaci ya tsayar da ita ƙyam. Shadda irin wannan ba ta ga maciji da ruwan sama, ɗigo kaɗan ya isa ya kashe mata sheƙi. Don haka mutumin namu ya yi tanadi: a hammatarsa akwai sabuwar rigar ruwa, shuɗiyar leda mai kauri da ake zurawa ta wuya, ba ta da hannu, tana da 'yar hularta a ƙeya.

"Alhaji, a tattare rigar nan a zauna a kanta," in ji yaron mai babur, "kada ƙafar baya ta ja ta." Gargaɗin ba na wasa ba ne, don babbar riga da dogon hijabi sun sha kayar da mutane daga kan babur. Aka tattare, aka kama hanya.

Ba su yi nisa ba ganyen masara ya fara kwanciya gefe guda. Suka tsaya a gindin mangwaro, a nan kuma aka gano cewa wanda ya yanka rigar ruwan bai taɓa ganin babbar riga ba. Da mai taguwa da wando aka auna ta. In an saɓa hannayen babbar rigar a kafaɗa, tulin shaddar ya cinye tsawon ledar, ta tsaya a cibiya. In an sake su, su zubo ta ƙasa suna sharar taɓo. Hular ledar kuwa ta ƙi hawa kan zanna. Yaron ya kawo shawara, aka samo baƙar leda irin ta cefane aka rufa wa zanna, aka bar hular rigar tana reto a baya da baki buɗe, tana tara ruwa a hankali ba wanda ya lura.

Suna komawa kan hanya sai iskar ta ƙara ƙarfi. Ta shiga ta ƙarƙashin ledar, ta sami ƙofofin babbar riga biyu a buɗe tun daga kafaɗa har gwiwa, ta cika su. Cikin ƙiftawar ido Alhaji ya kumbura kamar rumfar biki da guguwa ke shirin tumɓukewa. Babur ɗin Bajaj da ke ɗaukar buhun masara biyu bai yi nishi ba, ya koma tafiyar hawainiya.

"Alhaji, don Allah a rage faɗi!"

"Da me zan rage, ɗan nan? Kai dai riƙe kan!"

Wani rami ya amsa musu. Babur ya yi tsalle, ruwan da hular baya ta tara ya juye gaba ɗaya ta wuyan 'yar ciki, ya bi gadon baya har mazagin wando. Alhaji ya saki gefen ledar don ya yi salati da hannu biyu, iska ta ɗaga ta ta kifa a kan fuskar direba. Haka suka sauka daga titi, a hankali, cikin ladabi, suka kwanta a kunyar wata gonar rake.

Abin takaicin shi ne akwai mutanen da suka daɗe da warware wannan matsala, kuma su mazansu kan fita taro ba tare da wando ba. A Sikotlan kayan alfarmar namiji shi ne kilt, wani buje na ulu mai tsayawa a gwiwa, wanda kan ci yadi takwas, an tattare shi ninki-ninki a baya. Ƙasar ruwa da iska ce, amma nauyin ulun da jakar fata da ke rataye a gaba da ƙaton fil ɗin da ake maƙalawa a gefe suna hana iska tona asiri. Saboda ruwa kuma suna da mayafi mai sunan garin Inverness: doguwar riga marar hannu da ke sauka ƙasa da bujen, da wani ɗan mayafi a kafaɗa, ta yadda mai busa algaitarsu mai salka zai fito da hannuwansa ba tare da ya jiƙe ba. Duk shekara a watan Agusta, lokacin da muke cikin marka, makaɗansu na taruwa a birnin Gilasgo don gasar duniya, in sama ta ɓata rai sai kowa ya warware nasa na leda ya yafa. A birnin ne ma Charles Macintosh ya yi rajistar yadin da ruwa ba ya ratsawa a 1823, ta hanyar manna ƙyalle biyu da narkakkiyar roba. Su sun auna rigar ruwa da kayan gadonsu. Mu har yau telolin da suka iya aska takwas ba su ga dalilin yanka wa babbar riga tata ba, kuma a ganin mai wannan shafi kasuwa ce ake bari tana wucewa.

Da can kakanni suna da kabido na kaba, a kifa shi a ka ya sauko ta baya. Jikansa shi ne buhun taki, a tura kusurwa ɗaya cikin ɗaya ya zama hula da mayafi. Da irinsa wani dattijo ya zo wucewa a kan keke, bayansa a bushe, ya tsaya ya duba cikin raken.

"Sannunku, Alhaji. Sauka aka yi, ko saye aka zo yi?"

Shi ya taimaka aka ɗaga babur, shi ya tsamo zanna daga kwalbati.

Ko da suka shiga Paki an shafa fatiha, goro ya ƙare, maroƙi ma ya yi shiru. Uban ango ya dubi aska takwas da ta koma launin jar ƙasa, ya ce, "Ikon Allah! Malam, shigo daga ciki." Aka shanya riga da wando a zaure, aka aro masa jallabiyar wani ƙanen ango, yaro ɗan sakandare. Ta tsaya masa daidai gwiwa, inda na mutanen Sikotlan ke tsayawa, sai dai ba ulu, ba jaka, ba fil. Iska kuma ba ta gama ba. A hoton taron, wanda aka yi ta turawa a WhatsApp har Kaduna, kowa ya harɗe hannu a ƙirji in ban da mutum ɗaya a ƙarshen layi, wanda ya ɗan duƙa ya danne gefen jallabiya da hannu biyu.