Kowace Sanarwa Da Mai Ita

Wanda duk ya saba shiga laburaren kwalejin likitanci ya san allon nan na bakin ƙofa, inda ake manna takarda kan takarda har ƙusa ta rasa wurin shiga. Baƙo zai ɗauka labarai ne kawai: an canza lokacin rufewa, sababbin littattafai sun iso, za a yi bita ranar Laraba. Mu da muka tsufa a wurin mun san babu takardar da aka manna don nishaɗi. Kowace da mutumin da ya jawo ta, kuma sau da yawa yana zaune a ciki ake manna ta, ko kai bai ɗaga ba.

Wadda ta hana kama kujera, ta wani ce da ke rigan Baba mai gadi zuwa. Ana buɗe ƙofa sai ya nufi kujerar da ke ƙarƙashin fankar da ba ta ƙara, ya rataya farar rigarsa, ya buɗe littafi, ya ɗora biro a tsakiya don a ce yanzu zai dawo, ya wuce zagayen marasa lafiya. Rigar ce za ta yi karatu har la'asar. Da riga na shiga jarrabawa, da tuni tasa ta zama kwansaltan.

Ranar da aka sanar cewa an haɗa sola, an ga fuskokin da ba a taɓa gani ba. Waɗannan masu caji ne. Mutum zai zo da waya biyu, da fitila, da kwamfutar ɗan ɗakinsu, ya ɗauko littafin da ya fi kusa da soket, ko da na ungozoma ne shi kuwa ɗalibin haƙori, ya zauna gadi. Batir na cika, ilimi ya ishe shi.

Akwai mai hadda, wanda takardar "A yi shiru" ba ta shafe shi ba, don a ganinsa ai shiru yake yi. Yana rangaji gaba da baya kamar gardi a tsangaya, yana jero jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, in ya ɓata a ta tara ya koma ta farko. Kai da ka zo karanta ciwon ƙoda, sai ka tashi da haddar da ba ka nema ba. Mai barci kuwa ni ban ga laifinsa ba. A ɗakin haihuwa ya kwana a tsaye, a bar bawan Allah ya huta, sai dai a janye littafin daga ƙarƙashin kumatunsa kafin yawu ya kai shafi na gaba.

Amma gwanina a cikinsu duka shi ne mai ɓoye littafi. Wannan mutum ya cancanci a yi nazarinsa. Jarrabawar nan ta ƙarshen karatun share fage ta ƙarato, wadda ake haɗa wa ɗalibi ilimin sassan jiki da na aikin jiki da na sinadaran jiki a lokaci guda, aji ya haura mutum ɗari, kwafin Guyton, littafin aikin jiki, mai ɗan dama-dama kuwa bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Wani zai yi sammako ya kama layi. Shi ba ya wannan wahalar. Ya fi ma'aikatan sanin tsarin kantoci. Ya san cewa a tsarin babban laburaren likitanci na Amurka, wanda ɗakunan karatun lafiya da dama ke bi, aikin jiki yana QT, sassan jiki na QS, haƙori na WU, kuma can ƙarshe akwai WZ, tarihin likitanci, inda ƙura ke zaune da iyalinta ba mai tayar da ita. To nan yake kai Guyton ya kwana. Ba ya ma ajiye shi a tsaye. Kwantar da shi yake yi a bayan sahu, ya jawo wasu tsofaffin kundaye biyu ya rufe, ya gyara su daidai yadda ƙurar ba za ta tona ba.

Abin da ke burge ni shi ne fuskarsa washegari. Zai tsaya tare da masu nema a gaban kanta, yana girgiza kai, yana cewa, "Kai, mutane ba sa tsoron Allah." Har shawara yake bayarwa a duba teburin mayarwa. Kwamfuta ta ce littafi na nan, kanta ta ce babu, Hajiya mai kula da aro ta rantse ba a fitar da shi ba, kuma duk su ukun gaskiya suka faɗa. Sai an watse ya bi ta bayan kantoci da sanɗa, ya waiga hagu da dama, ya zaro abinsa. Matsalarsa ɗaya ce, ba shi kaɗai ke da wayo ba. Na taɓa ganin ɗayansu ya zura hannu maɓoyarsa ya zaro Robbins maimakon Guyton: wani ɗan aji na gaba ya gano wurin, ya yi musaya. Ya tsaya riƙe da littafin ilimin cututtuka da sai baɗi zai buƙata, ba damar kai ƙara, don wa zai ce an yi wa sata a wurin da ya ɓoye kayan jama'a? Saboda mai ɓoye littafi ne ake rufe laburare yini guda a yi tankaɗe da rairaya a kantoci, kuma shi ne na farkon yin ƙorafi a kan rufewar.

Sai likita mai neman ƙwarewa. Tun farkon shekara ake manna takardar bita kan yadda ake neman maƙala a PubMed, wadda kyauta ce ga kowa, da yadda ake shiga Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 don cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallun da ba za su iya saye ba, da yadda Zotero ke jera manazarta da kanta. An jera kujeru, ba wanda ya zo sai ɗaliban jinya uku da mai caji. Ana saura kwana kaɗan a miƙa kundin bincike ga kwalejin ƙwararru, sai ga shi a guje, abin sauraron ƙirji na lilo a wuya. "Hajiya, don girman Allah, manazarta hamsin nake nema, kada su wuce shekara biyar." In aka tausaya aka ba shi kalmar sirrin Hinari, aka ja masa kunne cewa ta cibiyar ce kawai, kafin magariba tana yawo a zauren WhatsApp na abokan karatunsa da ke jihohi shida. Ranar da aka toshe shigar, shi zai fara tambaya me ya sa laburaren nan ba ya aiki.

Farfesa ba ya zuwa, masinja yake aikowa da saƙon baki: littafin nan mai koren bango da ya taɓa gani. Na hannunsa kuwa tun kafin yajin aikin malamai na 2022 ya are shi, kuma wata takwas ɗin nan, daga Fabrairu zuwa Oktoba, har yau su ne hujjarsa. Takardar tuni tana zuwa ofishinsa da "ranka ya daɗe" a sama, ta dawo ba amsa.

A ƙasansa akwai masu jiran afuwa. Su ba sa musun cewa littafi na hannunsu, lissafi kawai suka iya: tara tana hauhawa, amma in aka yi haƙuri wata rana za a manna takardar yafe tara ga duk wanda ya dawo da aro cikin mako biyu. Mutane ne masu natsuwa da hangen nesa. Na san ɗayansu sosai, har rubutu yake ɗan taɓawa a mujalla, kuma ba ya wuce allon nan bai duba ba.

Duk waɗannan ana iya zama da su. Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne mai reza. Mai ɓoyewa ko ba komai littafin na nan, wata rana ƙura za ta mayar da shi. Wannan kuwa zai zauna a lungu da kundin zanen Netter, ya laluɓo shafin saƙar jijiyoyin da ke sauka daga wuya zuwa hannu, wanda kowane ɗalibi ke wahala a kansa, ya bi gindinsa da reza a hankali, ya ninke ya sa a aljihu. Da waya a hannunsa, mai kyamarar da za ta ɗauki shafin cikin daƙiƙa ɗaya! Ba talauci ba ne, ba gaggawa ba ce. So yake ya samu, na bayansa ya rasa. Littafin nan da dala ake sayensa, kuma tun da naira ta faɗi a 2023 ba laburaren da ke maye gurbin kundi don an yanke masa shafi huɗu. Haka zai ci gaba da zama a kanta da gurbinsa, yarinyar da ta zo daga ƙauye da kuɗin makaranta da ƙyar ta buɗe ta ga lamba ta yi tsalle, ta ɗauka ita ce ba ta iya nema ba. Kuma mai wannan hannu nan da 'yan shekaru za a miƙa wa wuƙar tiyata da mutum a kwance.

Saboda shi aka kwashe kundayen zane aka kulle a kabad bayan teburin Hajiya. Yanzu sai ka ajiye katin shaidarka, ka zauna inda take ganinka, awa biyu kacal, in ka dawo da shi a fifita shafukan a gabanka kana tsaye, layi na bayanka yana jira.