Kwalba da Takardarta

Duk wanda ya ratsa kasuwar Tawa ran Lahadi, inda matan ƙauyukan Adar ke kawo man shanu da soyayyar gyaɗa, ya san kwalbar mayonez ko ta Nescafé ba ta murabus, illa dai ta sake sana'a. Amma takardar da Nasara suka manna mata, wannan kam sai an yi jihadi: a jiƙa ta a ruwan zafi tun azahar har la'asar, a kankare da wuƙa, takarda ta tafi, danƙo ya tsaya daram yana tara ƙurar hunturu har kwalbar ta yi gemu. Ma'abota sani sun yi ittifaƙi a kan man gyaɗa da toka. Masu gaggawa kuwa kan shafa kananzir, sannan iyali su ci tuwo mai ƙamshin fitila.

Babbar mas'ala ita ce kwalbar wiski da ake ɗura wa gyaɗa, domin ko da yake abin da ke ciki halal ne babu shubuha, dattijo mai rawani ba ya so a hange shi rungume da ita bayan magariba. Wannan, jama'a, a kankare ta sarai kafin a kai wa Malam tsaraba.