Shinshinawa Kyauta Ce, Alhaji

Na san ku sarai. Tun kafin yarinya ta gama jera robobinta a kan tebur kun riga kun taɓe baki. Wai man kaɗanya a baje koli! Abin da tsohuwa ke sayarwa a ƙoƙo a Kasuwar Rimi, shi ne aka zuba a roba mai murfi, aka manna masa takarda, aka ninka kuɗinsa? To malam, sannu da ganowa. Shi ne. Ba wanda ya ce daga Dubai aka sauke shi.

Amma man shafawar da ke gaban madubin uwargida, wanda ka biya kuɗinsa kana huci, ka taɓa juya bayan kwalbar ka karanta? Da yawa daga cikinsu kaɗanyar nan ce a ciki, ta je Turai ta sha turare ta dawo da sabon suna. Kamfanin L'Occitane na Faransa tun shekarun 1980 yake sayen man kaɗanya a hannun matan Burkina Faso. Mu nan Najeriya mun fi kowa yawan ƙwallon kaɗanya, Jihar Neja ce kan gaba, amma ɗanyensa aka daɗe ana lodawa ana fita da shi. Abin ya kai a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida, ko a riƙa sarrafa shi a gida. To ga wata ta sarrafa a gida, a kicin ɗin uwarta ma, kun ce ta cika tsada.

Za ku ce ai narkarwa ce kawai da zubawa. Madalla, sai ku gwada. Man sai an tace shi tas, don na kasuwa ba ya rasa tsakuwa da ɗan ɓawo, sannan a buga shi da man kwakwa har ya yi laushi. Sabulu kuwa ba a yi masa garaje. Sodar da ake haɗa shi da ita tana ƙona fata, sai da safar hannu da sikeli, kuma in an zuba shi ya daskare sai ya yi mako huɗu zuwa shida yana shan iska kafin ya taɓa jikin mutum. Mai son kama tebur a baje kolin Kano da ke titin Zoo Road a ƙarshen shekara, tun Oktoba ɗakinta ya cika da sandunan sabulu, ƙannenta na kwana a falo.

Lokacin ma dabara ce. Da hunturu faso da kaushi da fashewar leɓe su ke yi mata talla. Wadda ta fita da man kaɗanya a zafin Afrilu, kafin azahar kayanta sun zama ruwa, in sun sake daskarewa kuma su yi tsaki-tsaki.

Yanzu ku zo mu tsaya a bayan teburin, don a nan nake gane ku ɗaya bayan ɗaya. Akwai hajiyar da za ta buɗe kowace roba, ta shinshina humra, ta shinshina dilka, ta ce "bari in zagayo". Allah ya kai ki lafiya, Hajiya, mun san zagayen. Akwai alhajin da ya rantse na madam zai saya, amma gwiwar hannunsa yake ta murzawa da na gwaji, har ya zame takalmi yana leƙen diddige. Akwai 'yar uwa ta jini, wadda ta ɗebi uku ta ce a rubuta. Akwai mai cewa ya tura kuɗi, ga shaida a wayarsa, ita kuwa tata wayar shiru.

Sai kuma tambayar da ta fi kowace yawa, wadda ake yi da ƙaramar murya: "Yana sa fari?" A nan ne ciniki ke tsayawa cak. In yarinyar ta ce a'a, laushi yake sawa da sheƙi, sai ka ga an ajiye roba a hankali an matsa gaba, wurin mai "haɗi" a kwalbar da ba suna ba kwanan wata. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, saboda sinadarai irin su hydroquinone da makuri da ke cikin mayukan. Ni dai duk wadda ta iya cewa a'a ranar farko, ga kuɗin tebur a wuyanta, wurinta zan sayi sabulu.

Na ji wani daga baya yana cewa, ina lambar NAFDAC ɗinta? Wannan kam ka yi tambaya, kuma haƙƙinka ne. Abin da za a shafa a jiki ya kamata ya zo da rajista, da jerin abin da aka zuba, da ranar da aka haɗa shi. Ka tambaye ta, in tana kan neman rajistar ta faɗa maka gaskiya. Roƙona ɗaya, in ka isa teburin mai haɗin can ka yi masa irin tambayar da irin wannan muryar.

Masu lissafi kuma sun ce ba za ta mayar da kuɗin tebur da na Keke Napep ba. Mai yiwuwa. Manyan robobi kan koma gida yadda suka zo, ƙananan ne ke tafiya, don ba mai zuba kuɗi da yawa a hannun da bai sani ba. Amma kowace ƙaramar roba da lambar waya a jikinta ta tafi. Bayan mako biyu, can da daddare, saƙo zai shigo ta WhatsApp: "Salam, ke ce mai man nan? Akwai babba?" In aka duba hoton mai saƙon, sau da yawa hajiyar zagaye ce.

Saboda haka ku zo, ko da taɓe bakin ne. Na gwaji yana hannun dama, kusa da madubi. Da yatsa ɗaya ake lakata, Alhaji, akwai mutane a bayanka.